Kuɗin zangon yara bai cika ba, wani uba ya ce aikin gwamnati ne

Shef_Birni:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Wata damuwa ce ta hana ni barci kwana biyun nan, na ce bari in kawo ta nan ko Allah ya sa wani ya taɓa shiga irinta.

Shekara shida ke nan ina riƙe da yaran sikawut a unguwarmu cikin Birni, a Damagaram (Zinder) ta Nijar. Bana yara 32 gare ni, maza 21 mata 11, daga ɗan shekara 11 zuwa 16. Tun watan Janairu muka zauna da iyaye a zauren mai unguwa, aka yarda kowane yaro zai riƙa kawo dala ashirin duk Asabar, don in an yi babban hutu mu tafi zango na kwana uku a Mirya. Jiya na buɗe littafi na yi lissafi, mako 28 ke nan. Da kowa ya biya, da yanzu akwai kusan jika 90 (jika ɗaya dala 200 ce) cikin akwati, daidai abin da za mu kashe a mota, shinkafa, mai, itace, ruwa da ɗan akwatin magani. Abin da ke ciki jika 41 ne. Yara 11 ba su taɓa fashi ba, 12 yau su kawo gobe su hana, 9 kuwa ko dala ba su taɓa kawowa ba.

Na bi gida gida. Akwai inda na shiga na fito ban iya buɗe baki ba, don na ga har la'asar tukunya ba ta hau murhu ba. Ba da su nake ba. Wanda ya tsaya mini a rai wani uba ne da na tarar a kan sabon babur, waya biyu a aljihun gaba. Ya ce mini: "Shef, ai ku na gwamnati ne, kuna sa kaki, kuna fareti ranar 3 ga Agusta, ranar samun ƴancin kai. Ku je ta ba ku mana. Ina kuɗin fetur ɗin da ake tacewa a bayan garinmu?" Na ce masa mu ba ma'aikata ba ne, sa kai muka yi, ba mai biyana ko sisi. Bai yarda ba.

Takardar neman tallafi kuwa tun Afrilu na kai wani ofishi, na koma sau huɗu, kullum a ce in dawo.

To me kuka gani? In tafi da waɗanda suka biya kawai? In cika daga aljihuna kamar bara, alhali ni tela ne mai iyali? Ko in soke tafiyar? Sannan mutumin nan, yana da gaskiya ko ba shi da ita?

MamanNana:
Wa alaikumus salam Shef. Ni dai abu ɗaya nake roƙo, kada ka bar yaro a gida saboda laifin ubansa. Ɗiyata tana cikin wata ƙungiyar a Sabon Gari, na san yadda suke ƙirga kwana tun saura wata biyu. Yaron da ya ga mota ta tashi da abokansa yana tsaye a bakin lungu, ba zai manta ranar ba har ya tsufa, kuma ba ubansa zai riƙe a zuciya ba, kai zai riƙe.

DanZongo92:
Ku yi haƙuri, amma mai babur ɗin nan ya faɗi gaskiya ko da bai iya faɗinta ba. Tun Nuwamban 2011 matatar mai ta SORAZ ke aiki a hanyar Tanut, an gina ta don tace ganga 20,000 a rana. Mu muke ganin tankoki suna ratsa gari dare da rana. Duk abin da ka saya mai harajin TVA, kashi 19 cikin 100 na gwamnati ne. Mai shago yana biyan harajin patanti, mai tebur a kasuwar Dole yana yankar tikiti. Da aka kafa asusun tallafin ceton ƙasa na FSSP a Oktoban 2023, har dala biyu aka fara cirewa in ka sayi forfen waya na kira ko intanet, kuma muka bayar ba gardama. Duk wannan, a ce jika 49 na yara 32 ya gagara? Kuɗin gwamnati kuɗinmu ne, ba kyauta take mana ba.

Kabu_Kabu_Zr:
Gaskiya ɗaya ce DanZongo.

MaiLissafi:
@DanZongo92 ƙanena, rabin maganarka na ɗauka. Kuɗin gwamnati namu ne, wannan ba ja. Har ma doka ta tanadi kashi 15 cikin 100 na abin da ake samu daga ma'adinai da fetur ya koma wa ƙananan hukumomin yankin da aka haƙo su, kuma haƙƙin kowa ne ya tambaya inda ya shiga.

Amma ka duba girman tukunyar da yawan masu ci. Ƙidayar 2012 ta ba jihar Damagaram mutum sama da miliyan 3 da rabi, ita ce ta fi kowace jiha yawan jama'a, kuma kusan rabin ƴan ƙasar nan ba su kai shekara 15 ba. Cikin kasafi guda ake biyan albashi, a ciyar da soja a fagen daga, a biya bashi, a sayi magani. Fita bayan gari kaɗan ka ga yara suna karatu a ajin zana, damina na faɗuwa a tashi karatu. In aka ba ni jika 49 aka ce in zaɓa tsakanin shinkafar zango da tebur na ajin zana, wallahi tebur zan saya, kuma ni ma na yi sikawut.

Abin da mutum ɗaya ba zai iya ba, ruwan famfo, hanya, asibiti, tsaro, shi ne na gwamnati, a nan ya kamata mu matsa mata. Dala ashirin a mako na ɗan da ka haifa, kuɗin forfen yini guda ne. Mai waya biyu ya fi kowa sanin haka.

TsohonSamariya:
Ku yara ne shi ya sa. Lokacin marigayi Janar Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, muna samariya, ƙungiyar aikin gayya ta matasa, wa ya taɓa rubuta takardar neman tallafi? Sarkin samari zai sa a yi shela da magariba, da asuba kowa ya fito da abin da ke hannunsa, mai fartanya, mai kwando, mai jaki. Mata su ɗebo ruwa. Da hannunmu muka buga tubali muka tada aji biyu a unguwarmu, ina tuna yadda ƙafafuna suka tsattsage wurin kwaɓa ƙasa da ramno. Ranar da aka ɗora rufi wata tsohuwa ta dama mana fura a ƙwarya uku, ba wanda ya sa ta. Yau a ce uba ya hana ɗansa dala ashirin ya tsaya jiran gwamnati. Abin ya ba ni takaici ƙwarai.

Mushe_Karkada:
Baba @TsohonSamariya, Allah ya ƙara girma, ban musa aikin da kuka yi ba, wasu azuzuwan mun yi karatu a cikinsu. Amma a faɗi ɗaya gefen. Samariya hukuma ce ta tsara ta daga sama har ƙasa, kuma zamanin soja ne, wanda ya ƙi fita ya san za a tambaye shi. Mahaifina ya ce mini sau da yawa kwano da siminti daga hukuma suke zuwa, ƙarfi ne naku. Ke nan ko a lokacin hannu biyu ne suka ɗauki jinkar.

Sikawut kuma daban take. Tun da Baden-Powell ya tara yara 20 a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907, ya raba su ƙananan rukunoni, kowane rukuni da yaro a kansa, abin na sa kai ne. Shi ya sa Shef ba shi da sandar da zai kora kowa da ita sai baki.

TsohonSamariya:
Mushe ka yi gaskiya a kan kwano, na tuna. Amma tsoro kaɗai ba ya sa tsohuwa dama fura.

YarMirya:
Shef, in dai wurin sauka ne kada ka damu, kawuna yana da garka a bakin gari, akwai rijiya da inuwa, zan yi masa magana. Sai dai ku sani cikin Agusta sauron wurin ba wasa, kuma in ruwa ya sauka da dare ƙasan garka jiƙewa take. Ku nemi aji a wata lakwal (makaranta) kusa don kwana, da rana ku dawo garka.

Malam_na_Tsangaya:
Assalamu alaikum. Kowa yana maganar kuɗi, ni ina ganin akwai abin da ke ƙarƙashi. Shef, cikin yara taran nan ka tabbata duk rashi ne ko rowa? Akwai uban da ba zai ce maka ba ya so ba, sai dai ya hana kuɗi abin ya mutu da kansa. Wani maƙwabcina ya cire ɗansa saboda yaron ya dawo gida ya miƙa masa hannun hagu, ya ce haka suke gaisawa. Wani kuma cewa ya yi ya ji ana kunna wuta da dare ana kewaye ta ana waƙa, bai san ko ta wace ce ba. Ni na je na gani da idona, na tarar ana tsayar da komai a yi salla a kan lokaci, na saki jiki. Amma ba kowa zai je ba. Ku ne za ku je ku yi bayani.

Shef_Birni:
Allah ya gafarta Malam, ka taɓa inda ke ciwo. Gaisuwar hagu al'adar ƴan sikawut ce a duniya, amma mu tun farko na gaya wa yarana, babba da dama ake gaishe shi, a durƙusa, a gida ko a waje. Tsakaninsu ma yatsu uku muke ɗagawa, ya wadatar. Wutar dare kuwa hira ce da tatsuniya da wasan kwaikwayo, bayan isha'i, ƙarfe goma kowa ya kwanta. Gida biyu cikin taran ina zargin haka ne. Ban taɓa tunanin in tafi da malamin unguwa ba, zan gwada.

Shef_Magariya:
Abokin aiki, sannu da fama. Bari in ba ka labarin abin da ya same mu, ka ɗauki abin da zai yi maka amfani.

Mu ma haka muka yi shekaru muna bin iyaye, har na gaji. Sai muka zauna da manyan yaran, na ce kuɗin zango ku za ku nemo, ni ba zan ƙara roƙon kowa ba. Suka kawo shawara biyu. Ta farko, renon itace. Suka bi gari suna tsintar ledar ruwan sanyi da aka yar, a yanke baki, a cika da ƙasa da taki, a sa irin zogale da bedi da mangwaro. Kowane rukuni da layinsa da ranar ban ruwansa. Da damina ta faɗi muka kai kasuwa. Ta biyu, muka sayi ɗan rago bayan layya, yana gidan mataimakina, yara ke kawo masa harawa da dusa bi da bi, layya ta zagayo muka sayar. Ba mu yi arziki ba, amma ya biya mota da rabin abinci, abin da ya rage wa iyaye ya zama kaɗan.

Sai dai ga inda na yi kuskure. Na ba wani yaro ɗan shekara 15 riƙon akwati shi kaɗai, don na ga natsuwarsa. Ranar lissafi aka ga jika bakwai babu. Ya tsaya gabana yana murza bakin ɗankwalinsa na wuya, ido ya cika, ya ce ƙanwarsa ce ta yi masassara, uwarsu ba ta da na magani, ya ɗauka da niyyar maidawa. Na je gidan, gaskiya ya faɗa. Yaran suka rabu biyu, wasu a kore shi, wasu a yafe. Ban yanke ba, na bar majalisar shugabannin rukuni ta zauna a kai. Suka ce ba kora, amma ya aje ɗankwalin har sai ya biya, kuma daga ranar akwati makulli biyu, littafi a hannun mutum na uku. Wata huɗu yaron nan yana ɗaukar kaya ranar kasuwa yana kawo dala hamsin, dala ɗari, har ya cika. Ranar da aka maida masa ɗankwalin, wanda ya fi kowa cewa a kore shi ne ya ɗaura masa.

Shawarata, bana lokaci ya ƙure maka, ba a fafe gora ranar tafiya. Rage kwana zuwa biyu, ka karɓi abinci maimakon kuɗi. Gidan da ba dala ashirin wataƙila akwai tiyar gero ko ɗaurin itace. Amma daga Oktoba ka fara wani abin da yaran za su yi da hannunsu. Kuma kada ka ƙara cikawa daga aljihunka a ɓoye. Da ka yi bara, kai ka koya musu cewa ko ba su biya ba mota za ta tashi.

MamanNana:
Labarin yaron nan ya sa ni hawaye. Allah ya yi masa albarka.

DanZongo92:
@Shef_Magariya ka ga abin da nake faɗa? Tun 2006 aka ce yara ƴan ƙasa da shekara biyar magani kyauta ne a asibitocin gwamnati. In da ana samun maganin yadda aka faɗa, da yaron bai taɓa akwati ba.

Shef_Magariya:
Ƙanwar shekararta takwas, ba ta cikin tsarin.

Majo_CSI:
Tunda an shigo fagena bari in sa baki. Gaskiya ne wani lokaci magani yana yankewa, mu ma abin yana damunmu, ba daɗi ka rubuta wa uwa takarda ka san ba ta da na saye. Amma ku zo ku ga ɗaya gefen. Ana raba sange (gidan sauro) kyauta, ka bi ƙauye ka tarar an kewaye shukar tumatir da shi, ko an rufe ƴan tsaki. Da damina ana bi gida gida da maganin rigakafin masassara na yara daga wata 3 zuwa 59, kashin farko a gaban ma'aikaci, sauran kwana biyu uwa ce za ta ba da. Sau nawa muke tarar da ƙwayoyin a ƙarƙashin tabarma? An kashe kuɗi an kawo har ƙofar ɗaki, saura a sa a bakin yaro.

Shef, in za ku tafi, kowane yaro da sangensa, wannan kada ka yi sassauci. Ka tafi da gishirin zawo, farasitamol, bandeji da sabulu. Ka tambayi kowace uwa ko ɗanta yana da sikila ko asma ko farfaɗiya, ka rubuta. Ruwan rijiya a sa masa maganin tsarkake ruwa kafin a sha. Yaron da jikinsa ya yi zafi kada a ce bari a gani zuwa safe, a kai shi a gwada.

GaruwaDanKaraKara:
Ni ban yi boko ba amma ina bin maganar. Kowace shekara 3 ga Agusta ina ganin yaranku da ɗankwali a wuya suna dasa itace, manya su zo a ɗauki hoto a watse. Watan Maris in na bi da kurata ba ko ɗaya, awaki sun cinye ko sun bushe. Kuɗin da aka sayi itacen da man motocin da suka zo, ba asara ba ne?

Mushe_Karkada:
Tambaya mai kyau. Tun 1975 ranar samun ƴancin kai ta zama ranar dashen itace a ƙasar nan. Da rabin abin da aka dasa ya rayu, da Damagaram ta zama kurmi. Amma ku bi hanyar Matamai zuwa Magariya ku ga gawo cikin gonaki, ido ba ya ganin ƙarshensa. Ba bikin da aka yi aka dasa su. Manoma ne suka daina sare tohon da ke fitowa da kansa, suna gyara shi lokacin sassabe, don sun ga ganyen yana gyara ƙasa, ƴaƴan suna ciyar da dabba. Kuma abin ya yi ƙarfi ne da manomi ya tabbata itacen da ke gonarsa nasa ne, ba za a zo a ci shi tara a kansa ba. Itacen bakin hanya kuwa ba mai shi.

Shef_Birni:
@GaruwaDanKaraKara yayana, ba ka yi ƙarya ba. Shekara uku da suka wuce mun dasa 40, biyu suka rayu. Bara na ce ba za mu karɓi fiye da 12 ba. Kowane itace yara biyu ko uku ke da shi, suka kewaye shi da ƙaya da tsohuwar taya. Matsalar ruwa ce, kai ka fi ni sani. Da bazara famfon unguwarmu sai ya yi kwanaki ba ɗigo, uwa ta sayi bidon ruwa da tsada, ta ya yaro zai ce a ba shi ya zuba wa itace? Sai muka koma ruwan alwala da na wankin shinkafa, kowa ya tara a gwangwani. Takwas suna nan da rai, ɗaya ya fi ni tsawo.

DanZongo92:
To kun gani. Yara sun yi nasu har da ruwan alwala. Ruwan famfo fa, na wa ne? Tun muna yara ake maganar ƙishirwar Damagaram. Wannan ma laifin mai babur ne?

MaiLissafi:
A'a, wannan na gwamnati ne ɗari bisa ɗari, na faɗa tun a sama. Garin a kan dutse yake zaune, ruwan daga nesa ake jawo shi, ba aikin karo-karon unguwa ba ne. A nan ina bayanka.

Amma tunda ka kawo, mu tuna shirin gyaran gari na Zinder Sabuwa a 2018, da aka yi bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba a nan. An zuba kwalta, an gina magudanun ruwa, an sa fitilu. Je ka leƙa magudanun nan yau. Wa ya cika su da leda da toka da mushen kaji? Dokar hana ledar nan mai laushi tun 2014 take, amma ko ƙosan dala biyar ka saya sai ka ce a sa maka a leda. Ruwan 2024 ya zo, gidaje suka zube, tsohon masallacin Birni da ke tsaye tun ƙarni na 19 ya rushe a farkon Satumba, har komawa lakwal sai da aka ɗaga zuwa 28 ga Oktoba. Ban ce leda ce ta rushe masallaci ba, ruwan ya wuce misali. Amma a lungunmu ruwan da ya shiga ɗakuna, magudanar da muka toshe da hannunmu ce ta maido shi.

HajiyarGarinMalam:
Ɗana MaiLissafi, ka ce mun cika magudana da shara. To ina za mu kai ta? A unguwarmu ba wurin zubawa, ba motar kwasa. Mace tana da shara a bokiti, miji ya fita, yara sun tafi lakwal. A ba mu wuri a ga in za mu zuba a kwata.

MaiLissafi:
Hajiya na karɓi gyara. Inda ba a tanadi wuri ba, ba a yi wa mutane adalci in aka ɗora musu duka.

Shef_Mata_Zr:
Mun yi nisa da tambayar Shef. Ni ƴan mata nake riƙewa, kuma ina so in ja hankalinka kan 11 ɗin nan naka. Kana da mace babba da za ta kwana da su? In babu, kada ka tafi da su ko kuɗi ya cika. Mu biyu muke zuwa, da uwa guda daga cikin iyaye, wurin kwana da makewayi daban, nesa da na maza. Kowane uba ya sa hannu a takarda, kuma hukumar wurin da za ku sauka ta san da zuwanku tun kafin ranar.

Sannan sirrin da na gano, kuɗin yara a hannun uwaye yake. Na daina aika wa uba. Na tara matan, suka mai da abin kamar adashi, ranar Juma'a ɗaya daga cikinsu ke bi ta karɓa. Kunyar junansu ta fi kunyata ƙarfi. Mai tuyar ƙosai ba ta taɓa fashi ba.

Waya kuma ka karɓe tun a bakin mota, ka ba iyaye lambarka. Bara wata ta ɓoye tata, muka kwana neman wadda ta ɗauka, ashe cikin buhun shinkafa ta faɗa.

Kabu_Kabu_Zr:
Mirya kilomita 18 ce kawai. Ku taka da ƙafa mana, amalanke ya ɗauki kaya. Ba sikawut ba ne?

Majo_CSI:
Ɗan shekara 11, kan babbar hanya, cikin damina? A'a don Allah. Manyan kaɗai wataƙila, su ma da asuba.

TsohonSamariya:
Shef, ni ban da ƙarfi yanzu, amma ina da tampol biyu da babbar tukunya. Aiko yara su ɗauka. Kuma mai babur ɗin, in ka yarda ni zan je in same shi. Akwai maganar da sai tsoho.

DanZongo92:
Ni ma zan ba da jika biyu, don yaran, ba don na sauka daga maganata ba. Abin da nake tsoro shi ne mu saba da cike kowane rami da kanmu har mu manta akwai wanda muka ba amanar tara kuɗinmu. Shef, kada ka daina komawa ofishin nan. Ka nemi a buga maka hatimi a kwafin takardarka da ranar da ka kai. Ko a'a ce, su rubuta maka ita. Su yaran ma su san ana tambaya, wannan ma tarbiyya ce.

Shef_Birni:
Na gode ƴan uwa, Allah ya bar zumunci. Ga inda aka kwana. Daren jiya na tara shugabannin rukuni huɗu a shagona bayan isha'i, na buɗe musu littafin, karo na farko da suka ga lissafin da idonsu, sai dai na rufe sunaye da hannu. Suka yi shiru. Babbar cikin matan ta ce a rage zuwa kwana biyu kowa ya je. Wani ya ce bai yarda ba, shi da ya hana kansa kuɗin tara mako 28 a ce daidai yake da wanda bai kawo komai ba. Ban ga laifinsa ba. Suka tsaya a kan wanda bai biya ba zai kawo abinci ko itace, wanda ko wannan babu zai yi Asabar biyu yana yasar magudanar bakin masallaci tare da ni, mai unguwa ya ce zai ba da goron aikin a zuba a akwati.

Da safe na bi gida biyar tare da limaminmu. An samu tiya shida ta gero, ɗaurin itace uku da jika huɗu. Gida ɗaya uban ya ce ko kyauta ne ɗiyarsa ba za ta kwana a waje ba, na ce to, za ta zo da rana in an samu mai kawo ta. Mai babur ban koma ba, na bar wa Baba. Ɗansa kuwa ya zo shago da rana ya aje mini dala arba'in a kan keken ɗinki, ya ce na aske ne aka ba shi. Ban san ko in karɓa ko in maida ba, suna nan cikin aljihun tebur.

Har yanzu da saura wajen jika 20 ko da an rage kwana, yawanci na mota. Ofishin zan koma Litinin da kwafin takarda kamar yadda DanZongo ya ce.

MamanNana:
Karɓa ka rubuta masa a littafi a gabansa, Shef. Aski kuma ka kai shi da kanka.

MaiLissafi:
Ni kuma ina ganin a maida, kada uban ya ji ya ce an karɓe kuɗin da ya ba yaro. Jira Baba ya dawo tukuna.

YarMirya:
Kawu ya yarda da garkar. Ya ce akwai mai motar da ke kawo kayan miya Damagaram da asuba yana komawa ba kaya, zai tambaye shi nawa zai karɓa. Shef, turo mini ranar da adadin yaran kafin Alhamis.